Yadda Na Zama Sarkin Baka a Unguwarmu

Laifin Sallar Gani ne. Da ban ɗauki Auta na kai shi Kangiwa kallon hawa ba, da yanzu ina nan da mutuncina a unguwa.

Duk wanda ya san Daura ya san yadda gari ke cika a watan Rabi'ul Awwal. Dawaki sun sha ado, 'yan bindiga suna ta ɓarin wuta, ga algaita ga kakaki, hakimai daga Zango da Ɓaure da Sandamu da Mai'aduwa kowa da jama'arsa. Na saɓa yaron a wuya don ya hango Sarki. Shekararsa 5. Duk wannan ƙawa bai ga komai ba sai wani dattijo cikin 'yan baka, riga duk layu, kwari a baya, baka a kafaɗa. Tun daga wurin har gida maganarsa ɗaya ce: "Baba, baka."

Uwargida ta ce in bari ranar Lahadi, in wani zai je kasuwar Mai'aduwa sai a sayo mashi na roba. Na ce na roba? A gidan nan? Ni da kakana maharbi ne? Kuma gaskiya na faɗa, maharbi ne. Abin da ban ƙara ba shi ne ya rasu tun ba a haife ni ba, ni kuwa shekara 14 ke nan ina koyar da lissafi a firamare, abin da na taɓa harbawa bai wuce guntun alli ba, shi ma in yaro ya yi barci a aji.

"Malam, ka dai iya?" in ji ta.

Na ce mene ne baka in ba sanda da igiya ba?

Na fara da abin da ke kusa, wato zogalen da ke bayan ɗakin girki. Na sare reshe miƙaƙƙe, na dafa shi a gwiwa, ban ma sa ƙarfi ba na ji ɓas. Na sare na biyu, ɓas. Kafin in kai ga na uku uwargida ta leƙo ta tambaya ko na yanke shawarar a daina cin kwaɗo a gidan ne. Sai na koma kan itacen girki na zaro busasshen reshen darbejiya. Wannan ya ɗan yi taurin kai kafin ya karye, kuma da zai tafi sai da ya bar mani shaida a goshi.

Washegari da la'asar na shafa man zafi, na ja hula ta rufe ƙullutun, na nufi wurin wani tsohon maharbi da ke can gefen gari, wanda yanzu ƙarfi ya ƙare sai sayar da sassaƙe da saiwoyi. Na durƙusa na gaishe shi, na kai kukana. Da na ambaci zogale sai da ya ajiye goron da yake ci don ya yi dariya da kyau.

"Ɗan nan, ai gara ka yi da rake, ko ba komai in ya karye ka sha."

Ya shiga ɗaki ya fito da ɗanyen reshen ɗunɗu. Ya ce shi ko dargaza, su ne ke lanƙwasuwa su dawo. Ya ce in auna daga ƙasa zuwa haɓar yaro in yanke, in ɓare ɓawon, in gasa sama-sama a kan garwashi, in lanƙwasa a hankali in ɗaure, sa'an nan in ajiye a inuwa kwana 7. In zan fere, ciki zan fere, wato ɓangaren da ke duban mai harbi. Bayan kuwa kada wuƙa ta taɓa shi, don shi ke ɗaukar ja, ko 'yar tsaga aka yi mashi nan zai karye. Tsakiya ta yi kauri, bakunan biyu su sirance daidai da juna. Ya ce su a zamaninsu tsarkiya da murɗaɗɗiyar fata ake yi, kibiya da kyauro, maƙeri ya ƙera kan, a shafa dafin kwankwani. Na yaro kuwa sillen karan dawa ya isa, a ɗaura tsumma a baki.

"Kada ka sa ƙarfe," in ji shi. Har na kai ƙofa ya sake cewa, "Malam, kada ka sa ƙarfe."

Na ce haba Baba, sai ka ce yaro.

Gashin a kurfotin uwargida na yi shi, ɗaya bakin ya ƙone kaɗan, na ce ado ne. Kwana 7 da aka ce, Auta ya ba ni 2. Inda na sha wuya shi ne fira. Na ɗauko rula da jan biro na ce yau lissafi zai yi rana. Na fere sama, na duba, ƙasa ta fi kauri. Na fere ƙasa, sai sama ta fi. Na koma sama. Haka na yi ta rabon biri tun bayan azahar har aka kira magariba, ina tsugune cikin tarin firarren itace, Auta na tsaye a kaina kamar sufeto ya zo duba makaranta, kowane minti biyu ya ce, "Baba, ya yi?" Da na ga sandar na neman komawa tsinken tsire sai na ce ya yi.

Tsarkiya ba ta ba ni wahala ba. Na ga igiyar shanya tana da saura a wajen ƙulli, na yanki kamu huɗu. Ashe wannan sauran shi ke riƙe da ƙullin. Wankin da ya zube a ƙasa ba na son tuna shi, tunda ni na sake shi da hannuna, da dare, bayan na tabbatar an rufe ƙofar gida.

Ranar Asabar da safe baka ya haɗu. Wallahi ya yi kyau. Na ɗaure wa Auta kibau uku masu kan tsumma, na yi mashi kwari da kwalin man goge baki. Sai Shaiɗan ya zo ya zauna kusa da ni ya ce, jikan maharbi guda, za ka miƙa wa yaro makami ba ka gwada ba? Kuma da tsumma za ka gwada? Na waiga babu kowa, na ɗauko ƙusa 'yar inci 3 na cusa a bakin sille na huɗu, na naɗe da zare.

Na jingina kwalin sabulu a jikin katanga, na ja da baya taku goma, na ce Auta ya tsaya a bayana ya ga yadda maza ke yi. Harbin farko kibiya ta faɗo a kan babban yatsana na ƙafa, Allah ya sa ta gindi ta sauka. Auta ya yi dariya. Wannan dariyar ita ta ja komai. Na sake ɗanawa, na ja har kunne, na saki. Tsarkiya ta zabge ni a damtse kamar bulalar makarantar allo, na ce wayyo, hannu ya ɗaga, kibiya ta yi sama. Na bi ta da ido ta wuce kan darbejiya, ta tsaya kamar tana shawara, sa'an nan ta juyo.

A ƙofar ɗakin girki uwargida na zaune tana ƙulla zoɓon sayarwa a leda, ta tara shi tsibi a faranti kusa da ƙafarta. Nan kibiyar ta zaɓa. Ja ya wanke mata fuska da farin hijabi, ta zabura ta ce innalillahi, ta taka farantin, wasu ledojin suka ƙara fashewa.

Kafin in buɗe baki Auta ya kai waje.

"Baba ya harbe Umma! Jini! Baba ya harbe Umma!"

Ban taɓa sanin unguwarmu na da mutane haka ba. Mata suka shigo da salati, almajirai suka hau katanga, mai shagon bakin layi ya bar shagonsa a buɗe. Surukata, da ke gida na huɗu daga namu, ta iso da takalmi ƙafa ɗaya. Ga 'yarta jage-jage da ja, ga ni tsaye da baka a hannu, da ƙullutu a goshi, da shatar bulala a damtse. Duk wanda ya dube ni ya ga mutumin da aka daɗe ana fama da shi. Ina cewa "zoɓo ne" ana cewa "riƙe shi." Uwargida kuwa, da za ta cece ni da kalma ɗaya, dariya ta hana ta magana, sai ta durƙushe tana riƙe ciki, abin da ya ƙara tabbatar wa jama'a cewa a ciki na same ta.

Wata tsohuwa ce ta raba gardama. Ta dangwali hijabin ta kai baki, ta ɗan yi shiru, ta ce, "To, wannan jinin dai da citta da kanumfari."

Da ƙura ta lafa surukata ta zauna a kan turmi ta dube ni sama da ƙasa.

"Malam, Bayajidda dare ɗaya ya sauka garin nan, ya sare macijin Kusugu, mutane suka huta da jiran Juma'a kafin su ɗebi ruwa, aka ba shi sarauniya. Kai mako guda kana shiri, ka kashe leda."

Na ce a yi haƙuri, Inna.

Leda 6 suka fashe, amma 40 na biya, naira 50 kowace, don uwargida ta ce ba wanda zai sayi zoɓon da aka harba. Na sayi sabon hijabi da sabuwar igiyar shanya. Ranar Litinin ina shiga aji yara suka miƙe suka ce, "Barka da zuwa, Sarkin Baka." Har hedimasta ya ji, yanzu shi ma haka yake kirana a taron malamai.

Bakan na nan. Na cire ƙusar na jefa a masai, na miƙa wa Auta da kibansa na tsumma. Ya harba sau biyu, ya ce igiyar na cizo. Ya kwance ta ya ɗaura a bakin da ya ƙone, ya ce linzami ne, ya haye sandar, yana ta sukuwa daga zaure zuwa ɗakin girki. Jiya ya ce mani dokin ba shi da sirdi.