Menelos Bai Mutu Ba, Amma Ni Na Sayi Tsiren

Ƙanin matata ne ya zo da maganar, wai ran Asabar zai kawo mana wani tsohon fim na yaƙi mai suna Troy, na shekarar 2004, kan yaƙin Girkawa da birnin Turoy, mu kalla gaba ɗaya a falo. Ni kuwa ba na son a kunna abu a gidana alhali wani ya fi ni saninsa, balle yaron da a gabana ya daina yawo ba wando. Sai na ƙudura in riga kowa zuwa tushen labarin, wato Iliyad, doguwar waƙar da ake danganta wa Homa, mawaƙin Girkawan da.

Na fara da cikakkiyar fassarar Turanci a waya. Babi 24, baiti ya haura 15,000. Babin farko ya yi armashi: annoba ta faɗa wa rundunar Girkawa, sarki Agamemnon ya ƙwace wa babban jaruminsu Akilis baiwarsa Biriseyis, Akilis ya yi zuciya ya ajiye mashi ya koma bukkarsa. A babi na biyu ne Homa ya gyara zama yana lissafa jiragen ruwa, gari-gari, da sunan jagoran kowace tawaga har da na ubansa. Masu haƙurin ƙirgawa sun ce jirage 1,186 ne. Ni dai ina kan mutanen Boyotiya, waɗanda su ne na farko a jerin, waya ta suɓuce ta faɗo mini a karan hanci.

Washegari na nufi wajen mai tsofaffin littattafai, ya zaƙulo mini Iliyad da Odisi, ɗaya waƙar ta Homa, masu hotuna, irin waɗanda ake zana jarumi maganarsa na fitowa daga baki cikin da'ira. Allah ya saka wa mai zanen nan. Jiragen da suka kusa fasa mini hanci duk ya tattara su a shafi guda. Kafin Asabar na haddace kowa da kalar gemunsa, har da gumakan Girkawan, su Ziyus da Hera da Atina da Afrodayit, da suka rabu gida biyu a kan Dutsen Olimfus suna zaman kishiyoyi, kowa na yi wa ɗan ɗakinsa hanya ta bayan fage.

Ranar kallo aka hallara: uwargida, da ƙaninta, da 'yata ta fari, da wani malami maƙwabcina da ya shigo aron caja ya ga an shimfiɗa darduma ya zauna. Na karɓe rimot, na yi gabatarwa. Na ce kowa ya kwantar da hankalinsa, duk wanda bai gane ba ya tambaye ni. Na kuma ba Malam haƙuri tun da wuri, saboda za a ga gumaka suna sauka daga sama suna tsoma baki a yaƙi.

Fim ya yi nisa, ko gunki ɗaya bai sauko ba. Malam ya dube ni ya ce, "Alhaji, ko sun ji ina nan ne?"

Na share. Aka zo wajen da nake jira, gaba-da-gaba tsakanin Faris ɗan sarkin Turoy, wanda ya gudo da Helen, da mijinta Menelos sarkin Sfata. Na dakatar da fim na yi bayani: a babi na uku Menelos zai kamo Faris ta hular ƙarfe yana ja, sai Afrodayit ta tsinke igiyar, ta lulluɓe Faris da hazo ta dire shi a ɗakin kwanansa. Menelos kuma ko ƙwarzane babu mai kai shi lahira, don a babi na huɗu na Odisi ga shi can Sfata tare da Helen ɗin, yana ma bikin aurar da 'ya'yansa.

Ƙanin matata ya ce, "Yaya, in kuma ya mutu fa?"

Na ce in Menelos ya mutu a fim ɗin nan, tsiren daren nan a wuyana, kowa ya ci sai ya ture. Malam ya ce ya shaida.

Na danna rimot. Faris ya sha kashi, ya rarrafa ya rungume ƙafar wansa Hekta. Ina ta leƙen gefen talabijin ina jiran hazo. Hekta ya zare takobi ya soke Menelos, mutumin ya zube, bai ko shura da kyau ba. Falo ya yi tsit, sai muryar Malam: "Alkawari kaya ne."

Ban gama haɗiye wannan ba ga Ajaks, ƙaton Girkawan nan, ya tunkari Hekta. Na ce wannan kam kunnen doki za su yi, dare zai raba su har su yi musayar kyauta, Hekta ya ba da takobi, Ajaks ya ba da ɗamara. Haka yake a babi na bakwai. Hekta ya kashe shi shi ma. Ƙanin matata ya roƙe ni, don girman Allah, kada in ce Brad Pitt, wanda ya fito a Akilis, zai rayu, yana son ya ga ƙarshen aikinsa.

Inda na ci daidai, wato kisan da Akilis ya yi wa Hekta da jan gawarsa a bayan keken doki, da zuwan tsoho Firiyam, sarkin Turoy, cikin dare yana sumbatar hannun wanda ya kashe masa ɗa don a ba shi gawar, ba wanda ya yaba mini. Uwargida na share hawaye ta ce wannan ko makaho ya hango.

Da aka ƙona gawar Hekta na miƙe na zura takalmi. Na sanar da jama'a cewa fim ya ƙare, don a jana'izar Hekta Iliyad ta tsaya, kuma dokin katakon da ake ta faɗa, wanda Girkawa suka ɓuya a cikinsa suka shiga Turoy, babu shi a cikinta, sai a Odisi da waƙar Bajil ɗan Rum. Ban rufe baki ba aka nuno shi tsaye a bakin teku, ya fi bene tsawo.

"Yaya, wannan ɗin raƙumi ne?"

Na zauna. Saura harsashi ɗaya a bindigata. Na ce Agamemnon dai sai ya koma gida, can matarsa Kilitemnestra da kwartonta za su gama da shi. Uwargida ta juyo a hankali ta ce, "Maigida, me ya yi mata?" Na ce, cikin wasu abubuwa, ya dawo mata da wata daga wajen yaƙi. Ta ce, "To." Wannan "to" ɗin ta fi duk takubban fim ɗin kaifi. Can sai ga Biriseyis ta caka wa Agamemnon wuƙa a wuya tun bai bar Turoy ba, aka hana matar gida haƙƙinta.

Har gobe ina kan bakata: ni ke da gaskiya, darakta Wolfgang Petersen ne ya kashe mutanen da Homa ya bari da rai, ya kuma matse yaƙin shekara goma ya koma 'yan makonni. Na ɗauko littafin don in kafa hujja, na buɗe shafin Menelos a Sfata, sai na tarar ƙaramin ɗana ya riga ni, ya yi masa tabarau da jan biro. Ƙanin matata ya jujjuya littafin ya ce, "Au, dama katun ka karanta?" Malam ya ce gani ya kori ji, a tashi kafin mai tsire ya kwashe.

Jiya yaron nan ya turo mini saƙo, wai ya ji darakta Christopher Nolan ya ɗauko Odisi, Matt Damon ne Odisiyus, jarumin labarin. Yana tambaya wa da wa nake ganin ba za su mutu ba a wannan, don yana so ya gayyato abokansa biyu.