Rawar da'ira da rawar kujera

Ranar Asabar in ba ni da aiki, nakan raka ɗana Centquatre, wani makeken gini a yanki na 19 na birnin Faris. Da can ma'aikatar jana'iza ce ta birnin, yanzu kuwa samari da 'yan mata ke cika shi, kowa da 'yar sifikarsa. Sai su ja da'ira, ɗaya ya faɗa tsakiya yana rawar hip-hop da ake kira breakdance. Makon jiya wani siririn yaro ya kafa kai a ƙasa, hular ulu ce kawai tsakaninsa da siminti, ya yi ta juyi kamar katantanwa, sannan ya tsaya cak a kan hannu ɗaya yana nuna abokin karawarsa da yatsa. Wuri ya kaure da ihu. Ni kuwa sai na ji kamar ina filin kokawa na Maraɗi.

Ba a nan aka haifi rawar ba. A unguwar Bronx ta New York ne, a 1973, DJ Kool Herc, haifaffen Jamaika, ya lura 'yan rawa sun fi haukacewa a gaɓar da mawaƙi ya yi shiru, ganga kaɗai ke magana. Sai ya riƙa maimaita gaɓar da faifai biyu. Duk wanda ya taɓa ganin mai kalangu yana zuga ɗan dambe ya san wannan dabara. Faransawa suka karɓi rawar hannu bibbiyu: a 1984 tashar talabijin ta TF1 ta ba ta shiri nata, a 2008 aka ɗora Kader Attou, ɗan hip-hop, a kan cibiyar rawa ta ƙasa da ke La Rochelle, a gasar Olamfik ta 2024 kuma Dany Dann ya ciyo musu azurfa.

To amma akwai inda na raba gari da su. Mun taɓa sayen tikiti ni da uwargida muka shiga wani gidan wasa kallon irin rawar zamanin nan ta dandamali, wadda aka gauraya da hip-hop. Gwanaye ne, ba musu. Wani ya yi wata alkafura da ta sa uwargida ta manta inda take, ta rangaɗa guɗa. Wallahi layi uku suka waiwayo, wata dattijuwa ta ɗora yatsa a leɓe. Haka muka zauna sa'a guda kamar masu zaman makoki, sai da aka kunna fitilu aka yarda mu tafa. Rawar da ba a tanka mata, a ganina, an cire mata gishiri. Ɗan rawa yana jan ƙarfi ne daga bakin 'yan kallo, in ka ɗaure su a kujera ka bar shi shi kaɗai.

Sai dai kujerar nan ita ke biyan kuɗin haya. A Faransa, ɗan rawan da ya haɗa aikin sa'a 507 cikin wata 12 yana da haƙƙin alawus a lokacin da ba shi da wasa. A gida fa? 'Yan Koroso na Kano suna lanƙwasa jiki yadda yaran Centquatre za su riƙe baki, mu yi musu liƙi a biki har kuɗi ya rufe ƙasa, gobe ɗayansu ya zo neman aure a ce ai ɗan rawa ne. Ni ma ban tsira ba, sai da na yi wata uku kafin na iya gaya wa mahaifiyata abin da jikanta ke koyo.

Da na faɗa, ta yi shiru a waya, can ta ce, "Ɗan nan, rawa kuka kai shi Turai ya koya?"

Na ce, "Inna, motsa jiki ne."

Ta ce in turo mata bidiyon. Ƙanwata ta ce sau huɗu ta kalla, har ta kira maƙwabciya, amma har yau ba ta sake ɗaga mini zancen ba.