Wai don na karɓi kaya a hannun dattijo shi ne na zama Smithers

A wajen aikinmu nan Columbus ta jihar Ohio akwai wani ɗaki da ake hutawa a ci abinci, da injin sayar da lemo da biskit a jikin bango, da na'urar ɗumama abinci da ake bin layi a kanta, kowa ya zauna shi kaɗai da robar abincinsa yana latsa waya, ba mai ce wa wani bismillah. Ranar ana zuba ƙanƙara a waje sai ga manajanmu ya shigo rungume da kwalaye, dattijo ne fa, furfura ta gama kama shi, sa'an babana. Na miƙe na karɓe masa na ja masa kujera. Sai wani matashi da muke aiki tare ya ce ga Smithers nan, ɗakin ya ɗauki dariya. Wallahi abin ya tsaya min a rai, don ko ban san sunan ba na san dariyar raini in na ji ta.

Ɗana ne ya nuna min shi da daddare. Ashe wani ne a cikin The Simpsons, katun ɗin nan na mutane masu launin ɗorawa da tashar Fox ke nunawa tun 1989 kuma har yau ba a daina ba. Waylon Smithers yaron wani tsohon attajiri ne, Mista Burns, mai tashar lantarki ta nukiliya a garin Springfield, marowaci mugu da ke sakar wa baƙi karnuka. Smithers ne ke riƙe masa ofis, shi ke ba shi abinci, shi ke tuna masa sunan Homer, wani ma'aikacin tashar, duk lokacin da ya manta, kuma kullum sai ya manta. Har ma mutum ɗaya ne ke yin muryarsu su biyun, Harry Shearer. Na zauna na kalli da yawa, kuma abin da na lura shi ne duk inda aka nuna biyayyarsa to an nuna ta ne don a yi dariya. A wajensu mutum ya tsaya wa maigidansa haka cuta ce, rashin zuciya ne. Da suka rasa yadda za su fassara ta ma sai suka ce ai son maigidan yake, aka yi ta zagaye da maganar shekara da shekaru har aka fito da ita fili a 2016. Wato ba ya shiga kansu cewa namiji zai yi wa wani hidima tsakani da Allah ba tare da wata manufa a ƙasa ba.

Alhali su da kansu sun nuna cewa baban Smithers a bakin aikin Burns ya rasu yana ƙoƙarin ceton tashar, yaron yana jariri, kuma a hannun Burns uban ya bar shi. To wanda ya taso haka me ake so ya yi, ya watsar da tsohon? Kuma ba ɗan amshin Shata ba ne yadda suke ɗauka, a 1995 da Burns ya shirya toshe wa garin hasken rana don dole kowa ya sayi wutarsa, Smithers ya ce masa wannan kam bai yarda ba, aka kore shi a kan haka. Wannan ai shi ne yaron kirki, ya bi ka da zuciya ɗaya, ranar da ka kauce ya faɗa maka ko da zai rasa abincinsa.

Ban ce namu duka lafiya ba ne. Akwai iyayen gida a Kwari da Singa da za su mori yaro har ƙarfinsa ya ƙare su sallame shi hannu rabbana, kuma a nan ko ba komai awa nawa ka yi za a biya ka, ba mai aikenka cefanen gidansa. Na yarda da wannan. Amma ku duba manyan 'yan kasuwar da kuka sani, nawa ne ba su fara da buɗe wa wani shago da share ƙofa ba? Ubangida ya yi maka aure, ya ba ka jari, wani har kujerar Makka, kai kuma gobe 'ya'yansa su zama naka. Laifin da ke cikin labarin Smithers na Burns ne da bai san haƙƙin yaro ba, amma sai dariyar ta koma kan wanda ya riƙe amana.

Abin da ya fi damuna ma ba matashin can ba ne, ɗana ne, don da yake nuna min shi ma dariya yake, a nan aka haife shi, yana kiran maƙwabcinmu ɗan shekara 80 da sunansa gatsau kuma tsohon ne ma ya ce a kira shi haka. Tsohon nan shi kaɗai yake a gida, 'ya'yansa na wasu jihohi, in ƙanƙara ta rufe masa ƙofa sai ya biya kuɗi a kwashe in ban riga na fito ba. Babanmu kuwa da ya kwanta jinyar ajali, yaron shagonsa na tun ƙuruciya ne ya kwana da shi a asibiti ni ina nan ina jiran takardu, shi ya yi masa wanka, kuma har yau ba a yanke magana a gidanmu sai an kira shi. Na riga na gaya wa uwar yaran, hutun bazara mai zuwa Kano za su, kuma babban a shagon mutumin nan zai riƙa wuni.