Badagry: hanyar Sakkwato na tafe, amma wa ke da iko da garin?

Tun da aka ƙaddamar da aikin babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry a 2024, mai tsawon kilomita 1,068, sunan Badagry ya shiga bakin mutanen Arewa. Mun san daga Illela za ta taso, a bakin iyakar Nijar, ta ratsa Kebbi da Neja da Kwara da Oyo da Ogun. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne halin da garin da za ta tuƙe a cikinsa yake ciki, da kuma wanda zai ɗauki nauyin dubban manyan motocin da ake cewa za su riƙa sauka can. A ganina wannan tambaya ta fi tsawon hanyar muhimmanci, domin ƙaramar hukumar Badagry, yadda take a yau, ba ta da ta cewa a kan kusan duk wani abu mai daraja da ke cikin ƙasarta.

Badagry ce kusurwar Nijeriya ta kudu maso yamma. Yammacinta iyakar Seme ce da Jamhuriyar Benin, kudancinta tekun Atlantika. Garin kansa bai jingina da tekun ba. Wani dogon ruwa ne ya miƙe daga Legas har Porto-Novo, yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da teku, ya bar siririn tudun rairayi a tsakaninsu, cike da itatuwan kwakwa da ƙauyukan masunta. Wasu daga cikin ƙauyukan nan sai da kwalekwale ake zuwa. Mace mai naƙuda ko yaron da zazzaɓi ya kayar, dole a tsallaka ruwa da su kafin a ga ma'aikacin lafiya. Mafi yawan mutanen wurin Ogu ne, waɗanda ake kira Egun, sai Awori, kuma ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum wajen dubu 240, adadin da babu mai shakkar an wuce shi nesa.

Wannan ruwa shi ya yi Badagry, shi kuma ya jawo mata baƙin tarihi. A ƙarni na 18 ta zama tashar cinikin bayi. Har yanzu ana nuna wa baƙo wurin kasuwar Vlekete, da sarƙoƙi da marin da iyalan Mobee suka adana, da ƙananan ɗakunan gidan Seriki Williams Abass inda ake tsare mutane kafin jirgi ya iso. Daga nan a sa mutum a kwalekwale zuwa tsibirin Gberefu, ya taka rairayi mai zafi, ya wuce wata tsohuwar rijiya da ake cewa ana shayar da bayi ruwanta don su manta gida, har ya isa bakin teku. Kada Bahaushe ya ɗauka labarin wasu ne. Cikin waɗanda aka kwasa daga wannan gaɓa zuwa Brazil a farkon ƙarni na 19 akwai Hausawa da Nufawa. Hanyar Arewa zuwa Badagry ma tsohuwa ce: daga nan Bature Clapperton ya kama hanya a Disambar 1825, ya bi ta Oyo da Kano har Sakkwato, inda ya mutu a 1827 zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Bayan bayi sai 'yan mishan. A 1842 Thomas Birch Freeman ya yi wa'azi a gindin bishiyar Agia, a 1845 aka gina benen nan da ake kira na farko a Nijeriya, a 1863 kuma sarakunan garin suka sa hannu Badagry ta shiga ƙarƙashin Ingila. Amma 'yan mishan ɗin Abeokuta suka nufa, Turawan mulki kuma Legas suka mayar da hankali. Kowa ya shigo ta Badagry, ya samu abin da yake nema, ya yi gaba.

Abin da ke damuna shi ne tsarin mulkinmu na yau ya ci gaba da wannan ɗabi'a. A duba abubuwan da ke kawo kuɗi a yankin. Iyakar Seme ta gwamnatin tarayya ce, kwastan da jami'an shige da fice ke riƙe da ita, kuma Buhari da takwaransa na Benin Patrice Talon ne suka buɗe sabon ginin haɗin gwiwa na Seme-Krake a 2018. Man da aka fara haƙowa a rijiyar Aje a 2016, wanda ya sa Legas ta shiga sahun jihohi masu mai, a tekun da ke gaban Badagry yake, kason kashi 13 cikin ɗari da ake ba jihohi masu mai kuwa asusun jiha yake shiga. Tashar jiragen ruwa mai zurfi da majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da ita a 2022, a Abuja aka yanke shawararta. Faɗaɗa titin Legas zuwa Badagry, wanda aka fara tun 2009 zamanin gwamna Fashola, ya cinye shekaru fiye da goma mutane na kwana a cunkoso. Me ya rage wa shugaban ƙaramar hukuma? Rasidin kasuwa, tashar mota, maƙabarta, kwasar shara, da ƙananan hanyoyin unguwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

An ga wannan ƙarara lokacin da aka rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. A Nuwamban 2019 hukumar kwastan ta hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. An yi haka don maganin 'yan fasa-ƙwauri, amma wanda ya ji a jikinsa shi ne masuncin da injin kwalekwalensa ke shan fetur, da mai nika, da ɗan acaɓa, da ƙaramin asibitin da ke dogara da janareta. Mutanen Jibiya da Illela da Maigatari ba sa bukatar a yi musu bayanin wannan, sun ɗanɗana. Ga kuma shingayen bincike da ke jere a kan hanyar Seme, inda mace mai ɗauke da buhun gari zuwa kasuwa za ta tsaya a gaban jami'ai iri-iri, babu ko ɗaya a cikinsu da ke amsa umarnin wanda ta zaɓa.

Na san abin da za a ce. Iyaka da teku da mai ba abubuwan da ake miƙa wa kansila ba ne, kuma shugabannin ƙananan hukumomi ba su nuna wata amana da za ta sa a ƙara musu ba. Na yarda da maganar farko, babu mai hankalin da zai ce a damƙa wa ƙaramar hukuma tsaron iyakar ƙasa. Magana ta biyu ce nake ganin an juya ta. Shugaban da gwamna ya ɗora, gwamna yake tsoro. A zaɓen ƙananan hukumomin Legas na Yulin 2025 jam'iyyar APC ta lashe kujerun shugabanni 57 gaba ɗaya, kamar yadda NNPP ta lashe 44 na Kano a 2024. Idan hukumar zaɓe ta jiha ce, kuɗi kuma ta hannun jiha suke bi, ba abin mamaki ba ne shugaba ya fi sanin hanyar Alausa, inda ofishin gwamna yake, fiye da hanyar ƙauyukan da ke hayin ruwa.

Legas ma tana da tata sarƙaƙiyar. Tsarin mulki ya san ƙananan hukumomi 20 ne a jihar, amma a 2003 Tinubu yana gwamna ya ƙirƙiro ƙarin 37. Obasanjo ya riƙe kuɗin ƙananan hukumomin jihar, aka je Kotun Ƙoli a 2004, sai zamanin 'Yar'aduwa aka saki kuɗin. A wannan rabo aka yanki Olorunda da Badagry ta Yamma daga tsohuwar Badagry. Da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli, 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, sai tambaya ta taso: Abuja suna ɗaya ta sani, a ƙasa kuwa shugabanni uku ne. Badagry ta Yamma, wadda Seme ke cikinta, wato wadda ta fi kowa ɗaukar nauyin iyaka, tana cikin waɗanda babu sunansu a jadawalin tsarin mulki. Majalisar Tarayya ce kaɗai za ta iya warware wannan, kuma an haura shekaru ashirin ba ta yi ba.

Saboda haka kafin kwalta ta iso daga Sakkwato, a fara da kuɗin. A aiwatar da hukuncin 2024, a kuma tilasta wa shugabannin uku su riƙa manna abin da suka karɓa da abin da suka kashe a allon sakatariya kowane wata, yadda mai kifi da mai kwakwa za su iya karantawa ko a karanta musu. Sannan a rubuta wa al'ummomin da ke zaune a bakin iyaka da wurin tashar jiragen ruwa wani kaso sananne a doka, wanda za a kashe a kan asibiti da ruwan sha da matsayar kwalekwale. Batun filaye ya fi gaggawa. Duk inda aka ji babbar hanya da tashar ruwa za su haɗu, masu kuɗin Legas na riga kowa zuwa, kuma dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa takardar fili a birni a hannun gwamna take. Idan ba a sa fadar Akran, wato sarkin Badagry, da masu unguwanni da ƙungiyoyin masunta a teburin da ake shata filayen ba, 'ya'yan Ogu za su wayi gari 'yan haya a gaɓar kakanninsu.

'Yan majalisar Arewa da ke yabon wannan hanya suna da dalilin kansu na tsayawa kan maganar. Direban da zai ɗauko albasa daga Aliero ko shanu daga Illela a Badagry zai kwana, a can zai nemi wurin ajiye mota da ruwan alwala da asibiti idan ciwo ya kama shi, kuma ƙaramar hukuma ce doka ta ɗora wa yawancin waɗannan. Duk gyaran da aka yi wa dokar saboda Badagry, Illela da Jibiya ma za su amfana da shi.