Ranar da na mayar da dangin ango aljanu

Har yau in na shiga gidan Gwaggo sai ta ce "a'a, ga mai hoto nan ya iso", kuma wallahi ba yabo ba ne.

Bikin 'yarta aka tashi yi, ni kuma da shegen rawar kai na ce kar a ɗauko mai hoto a yi asarar kuɗi, ni zan ɗauka, tunda duk gidan an shaida hotunan da nake ɗauka da waya tar suke fita. Na je situdiyon wani abokina na aro kyamara Canon 6D da lensi mai 50mm, yana ta ƙoƙarin yi min bayani ni kuwa sai "na gane, na gane" nake yi alhali hankalina na kan yadda zan rataya abar a wuya 'yan mata su gani. Abu ɗaya na riƙe, wayata f/1.8 ce, wato lambar buɗewar ƙofar da haske ke shiga lensi, ƙaramar lamba ƙofa a wangale, don haka ita ma kyamara na murza ta zuwa 1.8, ai lamba lamba ce.

Daren dina aka jeru sahu uku, amarya da ango da Gwaggo a gaba, dangin ango a baya har da yayar babansa, wata Hajiya da ta taso takanas daga Zariya da leshinta mai tsada. Na ja baya kamar mita 3, har da durƙusawa irin ta ƙwararru, ƙyas ƙyas ƙyas. A ɗan sikirin ɗin kyamara komai zam-zam.

Washegari muka buɗe a laftof gaban kowa. Sahun gaba kam ma sha Allah, har gashin idon amarya sai ka ƙirga. Sahu na biyu kamar hazon hunturu ya sauka a kansu. Na uku kuwa inna lillahi, Hajiyar Zariya ta koma wani dunƙulen kore mai ɗankwali, ba ido ba hanci. Gwaggo ta gyara tabarau ta matso ta ce "ɗan nan, surukan nawa ne ka mayar min aljanu? Da wane bakin zan aika musu wannan?"

Na kira abokina a fusace na ce mutumina kyamararka ta lalace. Sai da ya yi dariya har da tari sannan ya ce Malam kai ne ka lalace. Wai sensar da ke cikin kyamarar nan, wato ɗan allon da haske ke sauka a kai ya zama hoto, babba ce, wajen milimita 36 da 24, ta waya kuwa ba ta wuce farcen yatsa ba, shi ya sa lensin waya gajere ne ƙwarai, 'yan milimita biyar ko shida, kuma gajeren lensi kusan komai yake kamawa ras daga gaba har bango ko da a 1.8 ne. Babbar sensa kuwa sai da lensi mai tsawo kafin ta ɗauko faɗin da waya ke ɗaukowa, to 50mm a buɗe a 1.8 daga mita 3, wurin da zai fito tar bai fi santimita 40 ba, ko kamu ɗaya bai cika ba, ni kuma na cusa sahu uku a ciki. Da na rufe zuwa f/8 na ɗora mata filasha da an rabu lafiya. Na ce to dishi-dishin bayan da wayata ke yi fa? Ya ce wannan manhaja ce ke shafa shi, ba ka ga wani lokacin tana cinye gefen hula da kunne ba?

Hoton da ke rataye a falon Gwaggo yanzu, autanta ɗan firamare ne ya ɗauka da tsohuwar Tecno mai fasasshen gilashi, kowa ya fito har da mai raba lemo. Nawa kuwa guda ɗaya ta yaba, wanda fokos ya kuskure ya sauka kan cinyar kaza a faranti, ta ce ita dai kazar ta yi kyau.