Aska ɗaya, jarirai nawa?

Wannan labari na ciwon hanta nau'in B a jikin yara ya taɓa ni ƙwarai. Kun ambaci uwa na iya sa wa jaririnta wajen haihuwa, gaskiya ne, amma don Allah ku ƙara magana kan wanzamai. Ranar sunan ɗan ƙanwata ina tsaye wanzami ya zaro aska daga zabira, ya goge ta da tsumma, ya yi wa yaro askin suna, ya cire masa beli. Daga wani gidan sunan ya taho! Haka ake kaciya, haka ake tsaga, alhali ƙwayar cutar tana iya yin kwana 7 a busasshen jini ba ta mutu ba.

Abin da ke tayar min da hankali, jarirai 9 cikin 10 da suka kamu za su girma da ita, shiru, wasu har hanta ta lalace.

Allurar rigakafin cutar ta farko kuwa cikin awa 24 da haihuwa ake so, kyauta ce a asibitin gwamnati. Mu da matanmu ke haihuwa a gida, sai an yi suna ake tunanin kai yaro. Ni dai yanzu sabuwar reza nake saya in miƙa wa wanzami da hannuna.