Ikkilisiyar da ke jiran bishop a kan komai ba ta girma

Tsarin shugabancin Anglikan hawa uku ne: bishop, firist da dikon. Bishop ke naɗa firistoci, yawanci shi ke tura su inda za su yi hidima, shi kuma ke ɗora hannu a kan masu neman tabbatarwa, wato waɗanda aka yi wa baftisma da suka zo su tabbatar da bangaskiyarsu da bakinsu. Ina ganin alheri a wannan. Mai wa'azin da ya san akwai na sama da zai tambaye shi abin da yake koyarwa ba ya saurin mai da mumbari wurin tallar kansa, kuma littafin addu'a na 1662 ya ciyar da zuriya bayan zuriya da kalma mai nauyi, ko a ranar da wa'azi bai yi armashi ba.

Damuwata tana ƙasa, inda masu bi suke. Dayosis guda, wato yankin da bishop ke kula da shi, na iya ƙunsar majami'u da dama, bishop kuwa ɗaya ne. Idan zuwansa shi ne babban al'amari a shekara, sai a yi ta haddace katikisma, wato tambayoyi da amsoshin koyarwar bangaskiya, da gaggawa don ranar tabbatarwa, a yi biki, a watse. Wa zai zauna da yaron da aka tabbatar bayan wata shida, lokacin da shakka ta fara damunsa? Firist ba zai iya ba, yana fama da jana'iza, ɗaurin aure da rahoton kuɗin da ofishin dayosis ke jira.

Tsarin da kansa ya tanadi mafita, sakaci ake yi da ita. Tun 1866 Cocin Ingila ya farfaɗo da aikin masu karatu, mutanen da ba a naɗa su firistoci ba amma aka horar da su su yi wa'azi su bi da sujada. Sinod ɗinsa, wato babbar majalisar cocin, wadda aka kafa a 1970, tana da zauren masu bi daban da na bishop-bishop da na firistoci. Amma a wurare da yawa ana tuna masu karatun ne kawai idan firist ya yi tafiya, zaman majalisa kuma gini da kasafi ke cinye shi.

Wasu za su ce sakin ragama na kawo ɓaraka da koyarwar ƙarya. Haɗarin gaskiya ne, maganinsa kuwa horarwa da sa ido, aikin da aka naɗa bishop dominsa ke nan. Idan ya zo ziyara, kafin ya duba littafin baiko, ya tambayi firist mutum nawa ya horar bana da za su iya buɗe Littafi Mai Tsarki su koyar da wasu.